Katakon da Baba Ya Goge wa Auta

Ranar da takarda ta zo daga hukumar wasanni cewa za a zo ɗaukar katakon Auta, Baba ya ture kwanon abincin rana. Ni ce babbar 'yarsa, na kuma san shi kamar yunwar cikina. Mutumin da ko ranar da zarto ya ɗauke masa kan ɗan yatsa sai da ya suɗe kwano kafin ya yarda a kai shi asibiti, in ka ga ya bar abinci to akwai magana.

Auta ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu. Sana'arta wasan alkafura, irin wanda ake yi a gaban alƙalai: a yi tsalle, a juya a iska, a dira da ƙafa biyu ba tare da an ƙara ko taku ɗaya ba. Inda ta fi yin suna shi ne kan katako, wani dogon gungume da ake ɗagawa ya kai ƙirjin mutum, tsawonsa mita biyar, faɗinsa santimita goma cif. Mu a gida siraɗi muke ce masa. A kansa Auta ta ci zinaren nahiya sau uku a jere. Tana shekara sha bakwai ta samo tagulla a gasar duniya, ta dawo tana kumbure-kumbure kamar wadda aka yi wa sata, bayan shekara huɗu ta koma da gwiwa ɗaure da bandeji ta ɗauko zinaren. Har akwai wata juyawa da aka sa wa sunanta a littafin alƙalai, don ita ta fara yin ta. Mama dai ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da an kira sunan Auta a talabijin sai ta shige kicin ta turo ƙofa, tana tambaya ta taga, "Ta sauko?"

Yanzu Auta ta ajiye wasa, hukuma kuma ta ware ɗaki guda a babban zauren wasanni don a jera lambobinta da rigunanta na gasa. Abin da suka fi so a tsakiyar ɗakin shi ne katakon da ta koyi wasan a kansa a gida, wanda Baba ya yi mata da hannunsa tana shekara shida. Takardar ta ce za su zo ranar Laraba da mota da mai hoto, za su auna shi, su rubuta bayaninsa a allo tare da sunan kafintan.

Ai kuwa abin alfahari ne, don Baba kafinta ne da layin kafintoci duka ke kira Daidai. Ya taɓa ɓalle ƙofar da mai ita ya karɓa yana godiya, saboda shi ya hango karkacewar da babu wanda ya gani. Tef ɗin awo a aljihunsa yake kwana. Mijina ma da ya zo neman aurena, Baba ya fi kallon ƙafar kujerar da ya zauna a kai fiye da fuskarsa.

Ranar Litinin da safe na kai yara makaranta, na biya ta shagon Baba. Ba ya ciki. Na zagaya baya, inda katakon yake ƙarƙashin rumfar kwano, sai na tarar da shi durƙushe a gefensa. Ya tsaga wasu siraran katakai dogaye guda biyu, ga kwalbar gam, ga ƙananan ƙusoshi a leɓensa, ga kuma kofi cike da ruwan ganyen shayi baƙi ƙirin.

"Baba, ina kwana. Wannan kuma aikin wa?"

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "Uwata, kin cika zuwa ba sallama." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Na yi sallama sau biyu. Me za ka liƙa wa katakon Auta?"

Sai ya zaro tef ya miƙo mini, ya ce in auna faɗin. Na auna. Santimita takwas na gani. Na sake aunawa a tsakiya, na je ƙarshe na auna, takwas dai.

"Ba goma ba ne ake yi?"

"Goma ake yi."

Sai maganar ta fito, a hankali, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Malamar wasanni ta makarantar su Auta ce ta ce masa yarinyar nan da ke yawo a kan katanga tana da baiwa, a yi mata katako mai faɗin inci huɗu. Ya sayo gungume mai inci huɗu daidai. To amma ƙafar yarinya 'yar shekara shida ce za ta hau, ba takalmi, shi kuwa tsoron sartse yake ji. Ya fere gefe, ya shafa da tafin hannu, ya ji ɗan kaushi, ya sake ferewa. Ya juya ɗaya gefen ya yi haka. Kwana uku yana gogewa da sanfefa, har sai da ya goga kumatunsa a jiki bai ji komai ba. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai sake aunawa ba.

"Ni Daidai," ya ce. "Na cinye santimita biyu ban sani ba."

Bai gane ba sai da Auta ta kai sha ɗaya, ranar da ya raka ta sansanin horo na ƙasa. Ya faki idon mutane ya ɗora tef a kan katakon gaske. Ya dawo gida ko ruwa bai sha ba ya zagayo bayan shago ya auna nasa.

"To me ya hana ka faɗa tun lokacin?"

"In ce mata me? Kin manta hannunta?"

Ban manta ba. Tana shekara tara ƙafarta ta zame daga kan katakon nan, ta faɗo a kan hannun hagu, ƙashin ya karye biyu. Har yau in gari ya yi sanyi sai ka ga tana murza wurin. Nan na gane ba sunan Daidai kaɗai ke damunsa ba. Shekara goma sha biyar yana ɗauke da cewa shi ya karya 'yarsa, yana kuma tsoron ranar da za ta sani. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, ga dariya tana cina, don ban taɓa ganin tsoho zai yi maguɗi da ruwan shayi ba.

Na so in yi masa wa'azi, amma sai na ajiye jaka na naɗe hannun riga. Ni na riƙe, shi ya liƙa, santimita ɗaya a kowane gefe. Ya nutsar da kan ƙusoshin, ya cike ramukan da garin katako, ya goge, muka shafa ruwan shayi har sau huɗu don sabon ya yi launin tsohon. In gaskiya za a faɗa, aikin ya yi kyau. Ya ɗora tef, goma cif, sannan ya tambaya ko akwai sauran abinci a gida.

Ranar Laraba da hantsi motar hukuma ta tsaya a bakin layi. Sakataren hukumar ya fito da babban littafi a hammata, mai hoto na biye da shi, kafintocin layi kuwa kowa ya ajiye guduma ya taho kallo. Auta ta iso daga baya, tana tafiyarta ta agwagwa, don duk wanda ya gan ta a ƙasa ba zai ce ita ce ke tashi sama ba. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta rungume Mama, ni kuma ta ce na ƙara ƙiba.

Sakatare ya buɗe littafi ya karanta wa jama'a tarihinta kaf, zinare kaza, azurfa kaza, ƙasashe goma sha ɗaya, kamar mu baƙi ne a gidan. Da ya gama sai mai hoto ya ce, "Ranki ya daɗe, da za ki ɗan hau, mu ɗauki na ƙarshe a inda aka fara."

Na dubi Baba, Baba ya dubi rumfa.

Auta ta cire takalmi, ta dafa da hannu ɗaya ta haye. Ta miƙe tsaye, ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu. Sai ta tsaya cak. Ta motsa yatsun ƙafarta, ta sunkuyar da kai tana kallonsu.

"Wa ya taɓa min katako?"

Ni dai na shiga gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Yaya, ke nake gani kina sunne kai. Wa ya taɓa shi?"

"Ke dai ki tsaya a ɗauke ki hoto," na ce.

"Wannan ba nawa ba ne. Nawa in na tsaya a kansa, ƙaramin yatsana a iska yake kwana. Wannan kuwa har da wurin ajiye kujera." Ta tsuguna a kan katakon, ta bi gefen da farce har ta samu layin gam, ta shinshina yatsanta. "Shayi? Baba, shayi ka ba shi?"

Kafintocin layi suka fara matsowa. Na ga gumi yana bin wuyan Baba.

"Auta," ya ce, "katakon nan bai cika awo ba. Tun farko bai cika ba. Takwas ne."

"Na sani mana."

"Kin san me?"

"Na san takwas ne. Tun ina sha ɗaya. Ranar da na fara hawa na sansani na ɗauka na masu koyo ne, na tambayi koci yaushe za a kawo na gaske. Yara suka yi ta yi min dariya, har suka ga ni kaɗai ce ban faɗo ba." Ta zauna a kan katakon tana lilo da ƙafafu. "Kai a zatonka me ke dawo da ni gida mako guda kafin kowace babbar gasa? 'Yan jarida suna rubuta wai na zo neman albarkar iyaye. Albarka kam ina nema, amma bayan shago nake wuni. In na yi kwana bakwai a kan takwas, na je can na hau goma, sai in ji kamar a titi nake. Kowa yana da santimita goma, ni ina da goma da rarar biyu."

Baba ya yi tsaye da tef a hannu. "Shekara goma sha biyar kin sani, ba ki faɗa min ba?"

"Da na faɗa maka ai da ka gyara."

Wani tsohon kafinta a baya ya fashe da dariya har da tari, sauran suka kama. Sakatare ya rasa abin da zai rubuta, ya rufe littafi ya sake buɗewa. Baba dai bai yi dariya ba. Ya matsa kusa da ita, ya yi ƙasa da murya, amma ni na ji.

"Hannun fa?"

Auta ta daina lilo da ƙafa. Ta dubi hannunta na hagu, ta juya shi.

"Ya karye, Baba, na kuma sha wuya. Wataƙila da goma ne da ban zame ba, wataƙila da na zame, Allah kaɗai ya sani. Amma na faɗo daga katako a ƙasashe goma sha ɗaya, duk masu goma cif. Na tsage gwiwa a ɗaya, na fasa haƙori a wani. Cikin kafintocin da suka yi su babu wanda ya goya ni a baya ya yi gudu da ni asibiti ba takalmi a ƙafarsa."

Mama ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Ni ma idona ya cika, na ji haushin kaina, don na yi kwalliya saboda mai hoto.

Baba ya juya ya shiga shago. Muka yi zaton ya tafi ke nan, sai ga shi ya fito da guduma mai cire ƙusa. Ya ce wa Auta ta sauka masa daga kan aiki. A gaban kafintocin layi duka ya ɓamɓare abin da muka wuni muna liƙawa, gefe ɗaya sannan ɗayan, ya kankare busasshen gam, ya hure ƙurar. Sannan ya ja tef ya ɗora, ya kira Sakatare ya zo ya gani da idonsa.

"Rubuta takwas," ya ce.

Sakatare ya rubuta. Sannan ya ce, "Baba, wurin sunan kafintan fa? In kuna so sai a bar shi haka nan, ba dole ba ne."

Baba ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya dubi Auta da ke tsaye a gefensa ba takalmi.

"Rubuta sunana," ya ce. "Ka rubuta shi da manyan baƙi, a ƙasa ka sa ubanta."