Kuɓewar Mama a Kan Sola

Da mijina Chollom ya sayo tsohon jirgin ruwa, sharaɗi ɗaya na kafa masa: ranar da wuta ta ɗauke muna ciki, ranar za a sa shi kasuwa. Ban baro ɗauke wuta a Jos don in zo in same ta a kan kogin Potomac na Amurka ba.

Ya buga ƙirji. Wai ya shimfiɗa faifan sola biyu a gaban jirgin, su ke cika batir, batir ya riƙe firiji da fanka. Mutumin nan yana son jirgin kamar ɗan fari.

Muka fita yawon ƙarshen mako da Mama, mahaifiyata, wadda ta zo mana daga gida. Ta ɗauki lema da jakarta ta koma can gaba. Chollom kuwa, da kunyar suruka, ko leƙa wajen bai yi ba.

Washegari da rana tsaka fanka ta tsaya. Firiji ya yi shiru. Bawan Allah ya bi waya ɗaya-ɗaya, gumi har gwiwar hannu, bai ga komai ba. Na ce, "Baban Abby, a nawa za mu sa shi?" Bai ko kalle ni ba. Wallahi sai ya ba ni tausayi, amma magana ta riga ta fita.

Na tafi gaba in gaya wa Mama za mu juya gida. Me zan gani? Yankakkiyar kuɓewa, an baza ta a kan zani, zanin ya rufe faifan nan biyu ruf.

"Mama, wannan fa?"

"Shanya mana. Tun jiya. Wurin ga zafi, ga tsabta, ba kaza ba akuya." Ta juya kuɓewar da yatsa. "A unguwarku ta Mitchellville ko tsumma na shanya a waje sai ki ce maƙwabta za su yi ƙara. Tun da na zo ƙasar nan, sai a nan na ji ni mutum ce."

Chollom ya ƙaraso bayana, ya gani. Ya rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Mama."

Na ce wuta dai ta ɗauke, sharaɗi kuma sharaɗi ne.

Mama ta ce, "Debbie, ki sayar da motarki in sayarwa kike ji. Ɗana, mako mai zuwa da tattasai za mu zo."

Yanzu faifai uku ne a jirgin. Biyu na batir, ɗaya na Mama.