Gaisuwar Maigandi ta Ƙarfe Bakwai

Maigandi baduku ya rasu ranar Talata bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa kafin magariba. Washegari da ƙarfe bakwai na safe ya yi wa jama'a sallama a shafinsa na Fesbuk, ya tambaye su ko sun tashi lafiya, ya ɗaga wata jakar mata ta jar fatar akuya yana nuna musu ɗinkin bakinta.

Aikin 'yarsa Shamsiyya ne. Ita ta buɗe masa shafin shekara biyu da suka wuce, lokacin da masu zuwa rumfarsa ta Ƙofar Atiku suka ragu. Da farko hoton kaya kawai take sawa, har ta lura mutane sun fi tsayawa idan tsohon ne da kansa yake magana, basilla a hannu, yana zolayar masu sayen takalmin roba. Mabiyan shafin suka kai dubu goma sha takwas, yawancinsu daga garuruwan da bai taɓa takawa ba. Da jarrabawarta ta ƙarshe a kwaleji ta gabato, sai ta zaunar da shi kwana biyu ta ɗauki bidiyo talatin, ta tsara su yadda kowace safiya ɗaya zai fita da kansa. Shi kuma ya riƙa canza hula, wai kada a ce Maigandi ya yi wata guda bai yi wanka ba. Guda huɗu ne suka fita yana da rai.

A kwana ukun zaman makoki babu wanda ya tuna da shafin. Wayar Shamsiyya tana kashe a ƙasan akwati. Ranar ta huɗu mahaifiyarta Iyatu, wadda ta shiga takaba, tana shara a tsakar gida sai ta ji muryar mijinta ta tsallako katanga daga wayar wata maƙwabciya.

"Salamu alaikum, jama'a. Maigandi na, daga Ƙofar Atiku. Kun tashi lahiya?"

Iyatu ba ta yi ihu ba. Ta tsaya da tsintsiyar a hannu har ya gama, ya yi tarin nan nasa, ya ce sai gobe idan Allah ya kai mu.

Shamsiyya ta ɗauko wayar ta kunna. A ƙarƙashin kowane bidiyo mutane sun rubuta abin da suka saba. Allah ya ja kwana, Baba. Allah ya ƙara lafiya da kasuwa. Wata mata daga Kaduna tana tambayar takalmi lamba arba'in. Wani ɗan unguwa ya rubuta Allah ya jiƙan Maigandi, mutum bakwai suka taso masa, suna cewa ya ji tsoron Allah, ya daina yi wa mai rai fatan mutuwa, ga mutum nan sun gan shi da safen nan garau.

Ta buɗe inda sauran bidiyoyin suke jere, kowanne da ranarsa a gefe. Taɓawa biyu za ta tsayar da su. Ta ce a ranta bari na gobe ya fita tukuna, shi ne wanda ya yi tuntuɓen harshe ya fashe da dariya. Gobe ta zo, ta ce jibi. Ta kuma lura kowace safiya, bakwai saura kaɗan, Iyatu takan ɗauki tabarma ta shimfiɗa a gindin katangar, ta zauna da carbinta, ba ta ja.

Rana ta goma sha biyu Malam Gidaɗo, yayan marigayin, ya zo bayan hantsi. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, Iyatu tana daga bayan labule. Ya ce wani ɗan kasuwa ne ya nuna masa abin a ƙofar masallaci, kuma shi kansa da ya ji muryar sai da ya nemi wurin zama. Bai yi faɗa ba. Ya sa Shamsiyya ta karanta masa abin da mutane suka rubuta a ranar, ta karanta kusan ashirin, sannan ya ɗaga hannu.

"Kin ji abin da suka roƙa mai? Tsawon kwana. Kwanan ya ƙare, ɗiyata. Abin da shika bukata yanzu rahama ta, ga mutane dubbai masu son shi, ba wanda ya hwaɗa musu su roƙa."

Shamsiyya ta ce ba don ciniki ta bar su ba, ko kwabo ba ta karɓa ba tun ranar. Ta ce saura sha huɗu ne, idan sun ƙare za ta sanar. Ta ƙara da cewa ai Inna ma tana saurara, kuma abin yana sanyaya mata rai.

Sannan Iyatu ta yi magana. Ta ce gaskiya ne tana saurara. Ta ce amma tun da ta fara jin sa ba ta ƙara sanin lissafin kwanakin takabarta ba, domin kullum ji take yana rumfa, zai dawo da azahar. Jiya har fura ta dama masa ta rufe da faifai, sai da ƙudaje suka taru ta gane abin da ta yi.

"Ki bar shi shi tahi, Shamsiyya," in ji ta. "Mun riƙe shi da yawa."

Bayan Malam Gidaɗo ya fita, Shamsiyya ta zauna a kan turmi ta tsayar da bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya. A kowanne fuskarsa takan bayyana da wata hular, baki a buɗe, yana shirin sallama. Ba ta goge su ba, ta mayar da su cikin wayar inda ita kaɗai za ta gani.

Rubuta sanarwar ya fi ba ta wahala. Hannunta ya saba da kiran abokan ciniki, har ta fara da albishirinku kafin ta ankara ta share. A ƙarshe ta rubuta innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta faɗi ranar da ya rasu, ta bayyana cewa duk abin da suka gani tun daga ranar, tsohuwar ɗauka ce, kuma laifinta ne da ba ta faɗa da wuri ba. Ta roƙe su gafara, ta roƙe su su yi masa addu'a.

Wanda ya fara amsawa wani mutum ne daga Minna. Ya rubuta cewa ba zai yiwu ba, shi da ya gan shi ɗazu yana dariya. Bayan minti biyu ya sake rubutawa, Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya zama dausayi. Daga nan wayar ba ta ƙara yin shiru ba.

Shamsiyya ta shiga ɗaki ta gaya wa Iyatu mutane sun fara gaisuwa, sun wuce ɗari uku. Iyatu ta gyara lulluɓinta kamar baƙi ne suka yi sallama a ƙofa, ta ce ai ba a barin ta'aziyya ba amsa, ta karanto mata su da sunayensu, kada ta tsallake kowa.

Shamsiyya ta zauna kusa da ita ta fara daga na Minna. Iyatu ta ce amin, an gode, Allah ya ba da lada. Aka kira azahar ba su kai rabi ba.