Ƙoren Inno a Bayan Gilashi

"Ina takardarki?" in ji alƙali, karo na biyu ke nan.

Inno ta juyo ta dube ni, sai ka ce amsar tana wurina. Maƙwabciyata ce a Sabon Birni, zana ɗaya ce tsakaninmu, shi ya sa na rako ta har birni, ni da ƙanenta Yero.

"Ranka shi daɗe, mutumin da na ba ajiyar ya miƙo man ita, ni na ƙi amsa," ta ce. "Mutum ya ci tuwon gidanmu, ya yi salla bisa buzun Yero, in ce shi rubuta man? Ai na zage shi ke nan."

Aka yi dariya a kotun. Ni ban yi ba.

Ga yadda abin ya faro. Shekarar da fari ya cinye yawancin shanun su Inno a Kurawa, suna shirin kora sauran kudu, sai ga wani ma'aikacin gidan kayan tarihi yana yawon ƙauyuka. Inno ta ba shi ajiyar ƙorenta na nono, masu zane, gadon uwarta da kakarta, don kada su farfashe a bayan jaki. Da suka dawo ba ko maraƙi, mutumin an maida shi wani gari, ƙoren kuwa an shigar da su rajista, an manna wa kowacce lamba. Da aka hana ta su, ta kai ƙara.

Lauyan gidan ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Cewa ya yi, "Ba mu ce ƙarya take yi ba. Amma abin da ya shiga rajistar gwamnati, ko shugabanmu bai isa ya fitar da shi ba." Alƙali ya ɗage zama.

Ranar aka bar mu muka ga ƙoren a gidan tarihin, a bayan gilashi. Inno ta dafa gilashin da goshinta, ta daɗe.

"Kubura, dubi babbar can. Ta bushe. Ba su shafa masu mai."

Sau uku ana ɗagewa. Kafin na huɗu ciwo ya kwantar da ita. Kullum da safe nakan kai mata kunu.

"Wanga kunu na ko ruwan wanki?"

"Sha dai, Bafillata. Gero ya ga ruwan sama ne bana, balle ya yi kauri?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Sannan ta laluba ƙarƙashin tabarma, ta jawo ɗan gwangwani. Man shanu ne. Wata 'yar'uwarta ta aiko daga Turba, don ta sha ta ji ƙarfi, ashe ba ta taɓa ba.

"In kin tahi, ki shafa masu. Babbar za ki fara, ta bakin inda uwata ta ɗinke."

"Tare za mu, ke ma."

"Amshi dai, Kubura."

Ranar Laraba da hantsi ta cika. Litinin aka kira ƙarar. Masinja ya kira sunanta sau uku, kafin Yero ya iya miƙewa ya ce Allah ya yi mata rasuwa. Alƙali ya cire tabarau, ya yi mata addu'a, ya ce magada na iya shigar da sabuwar ƙara.

"Ko akuya ba ni da," in ji Yero. "Mi za ni tatsa ciki?"

Daga nan na wuce gidan tarihin ni kaɗai. Har na lakato man a yatsa, mai gadi ya matso.

"Yi haƙuri, Mama, an hana taɓawa. Mabuɗin gilashin ma ba ya wurina."

Na tsaya gaban babbar. Ɗinkin bakinta ya fara buɗewa. Zafi ake yi a ɗakin, man ya narke, ya biyo tafin hannuna, yana ɗiga bisa siminti.