Kumatun da Mahamud Ya Yaba

Shekara uku ke nan Mahamud yana Abijan. Abin da Bushira take samu na mijinta sai murya a waya.

Bayan tafiyarsa ne ciwon lupus ya kama ta, gaɓoɓi suka kumbura, gashi ya zube. A asibitin mishan aka ɗora ta kan ƙwayoyin firednizon, ta miƙe, fuska ta cika ta yi zagaye. Matan garinsu Garhanga suka yi ta barka. Ba wadda ta tambayi dalilin da mace za ta yi kumatu alhali ƙafafunta na sirancewa. Ƙiba ce, an gode Allah, an wuce wurin!

Ta aika masa hoto. Ya amsa yana dariya: "Amarya, wa ya ba ki izinin yin kyau ba ni nan?" Ta saurari saƙon har ta haddace inda yake jan numfashi.

Da likita ya fara rage ƙwayoyin, kumatun suka soma sauka. Sai ta riƙa cikawa wajen mai teburin magani ranar kasuwa, wata goma sha huɗu, ba wanda ya sani.

Yau ga ta zaune gaban Ruth, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ɗaga hoton ƙashin kwankwasonta zuwa taga.

"Ɗiyata, ki gaya mani gaskiya. Guda nawa kike sha?"

"Huɗu, Inna."

"Mu ɗaya muka rubuta! Kin ga nan? Kan ƙashin ne ya fara mutuwa. Ki ci gaba, baɗi sai an ɗauke ki."

"To in bari yau."

"Kul! Bari kwatsam yana kisa. Da kaɗan-kaɗan za mu sauka, a ƙara maki wani magani."

Bushira ta shafa kuncinta. "Maigidana ya ce zai zo bayan girbi. Wannan fuskar ya sani."

"Da fuska za ki taka zuwa tasha?"

Ta fito tana ɗingishi, ta zauna kan dakali, ta danna wayar.

"Maigida, a hoton nan da na aiko maka, magani ne ya kumbura ni. In ka zo za ka iske ni ramammiya, kamar yadda ka bar ni, ko fiye. Amma ina son in tarbe ka da ƙafata."

Ta aika. Alamar ta nuna saƙon bai isa ba tukuna. Motar da za ta hau zuwa Keita ta cika ta tashi, Bushira na zaune da wayar a cinya, tana jira.