Sunan da Ba Ta Taɓa Kira Ba

...kwana huɗu ke nan, kwana huɗu da Rabi mai man gyaɗa ta dawo daga Gummi ta raɗa mata a bakin murhu: 'yarta ta sauka, namiji ne, amma jinin ya ƙi tsayawa, kuma tana ta kiran Inna. Ga Saratu yanzu zaune a gidan gaba na a-kori-kura a tashar Anka, kwanon tuwo bisa cinya, shi kuwa mijin nata Haladu yana can ƙarƙashin rumfar mai abinci yana wanke hannu a tsanake, yatsa bayan yatsa.

Tun hantsi suka bar Gusau. Tun hantsi. An tsaya facin taya, an tsaya sayen batirin rediyo, an tsaya sayen ƙusar kwano, an tsaya gaida wani tsoho da ko gane shi bai yi ba... yanzu kuma tuwo. Wa ya ce masa tana jin yunwa? Miyar kukar ta yi fata a sama, ƙuda yana kewaya ta, ita ko hannu ba ta sa ba.

Kuma wai sai sun ratse Bukkuyum. Buhun taki uku na Shitu, abokinsa, suna baya. A sauke, a kwana can, gobe a ƙarasa Gummi. Gobe! Jini yana jiran gobe?

Ai ya tambaye ta. Abin da ke cin ta ke nan, ya tambaya. Da safe yana ɗaure buhunan, bai ko dube ta ba: "Akwai gaugawa a tahiyar ga?" Ita kuma, da bakin nan nata, ta ce, "Babu, Malam." Babu. To me za ta ce? 'Yar fari ce. Wace uwa ce mai kunya za ta buɗe baki ta nuna ta damu da 'yar fari? Ta ce barka za su, kamar barkar maƙwabta...

Shekara ashirin da ɗaya ba ta kira sunan yarinyar nan ba. Waccan. 'Yar Gummi. Ta wajen Adama. Ranar yaye Adama, yayar Haladu, ta goya ta a baya ta hau mota, yarinyar tana miƙo hannu tana tsala kuka, Saratu tana daka, ba ta ɗaga kai ba — matan gida suna yaba ta, kai wagga yarinya da kunya take — nono yana jiƙa mata zane tana daka, tana daka, har geron ya koma gari ba ta sani ba. Yabo. Yau ina masu yabon? Su zo su tsayar da jinin mana.

Tana kiran Inna. Rabi ta ce Adama ta matso, yarinyar ta kau da kai. Ba ita take nufi ba.

Dube shi. Ya tanƙwashe ƙafa bisa benci, ana ta labarin ruwan bana. Mutum da 'yarsa kwance. Ba shi da zuciya ne, ko dutse aka sa masa? Da ɗan'uwansa ne ya yi tuntuɓe da tuni motar nan ta tashi sama. Hadari kuma yana haɗuwa ta gabas, in gulbi ya kawo suna Bukkuyum, ba kwana ɗaya ba, sai dai Allah...

Ƙafarta ta taɓa wani ƙunshi ƙarƙashin kujera. Na cikin sayayyarsa ne, ya cusa shi nan bai ce komai ba. Takardar siminti, ta ɗan yage. Kanwa. Citta, kanumfari, masoro. Kayan kunun mai jego.

Wa ya aike shi? Ita dai ba ta aike shi ba.

Ta sake ɗaga ido. Lomar nan da ke hannunsa... tun ɗazu ita ce. Yana juya ta cikin miya, yana gyaɗa wa mutane kai, bai kai ta baki ba. Tuwonsa yana nan yadda aka zuba. Ashe ba ita kaɗai Rabi ta gaya wa ba? Ashe da safen nan ba tambaya yake ba, roƙo yake, ta ce akwai, ya samu abin fakewa? Shi ma 'yar farinsa ce. Shi ma bai taɓa... Wayyo, tsofaffin banza biyu, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara zubar da kunya, yarinya tana can tana ƙarewa.

Ga shi ya taso. Ya zo jikin taga, yana goge hannu da bakin riga, idonsa bisa taya.

"Ba ki ci ba. To, mu ratsa Bukkuyum ɗin, ko mi kin gani?"

Mai abinci tana ji. 'Yan rumfa suna ji. Sunan yarinyar yana nan a maƙogwaronta, Marka, Marka, harshenta bai san yadda ake ɗaukarsa ba, ta buɗe baki... Ku da kuka haifa, ku da aka yaba wa kunya, ku gaya mata: ta faɗe shi a nan, gaban kowa, ko ta sake cewa babu?