Shigeo Ya Hau Kujerar Silima

Ranar da Tamae ta ce za ta koma wurin ƙanwarta a Kanazawa, ko murya ba ta ɗaga ba. Tana zuba wa mijinta Shigeo miyar miso ta ce, "Baban Rie, Litinin zan tafi. Na gaji da zama da kututture."

Shigeo ya yi sororo. Shekara talatin da ɗoriya yana kamfanin inshora, da ya yi ritaya sai ya zo ya dasa kansa gaban talabijin, ba uhm ba uhm-uhm. Shi a ganinsa zaman lafiya suke, ashe baiwar Allah ta daɗe da kaiwa wuya. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Inda ake ajiye safarsa ma bai sani ba, balle yadda ake kwana a gidan da babu Tamae.

Washegari ya ga talla a ƙofar tsohuwar silimar unguwa. Ranar Lahadi da rana za a maimaita fim ɗin da suka fara kallo tare suna 'yan sakandare. Fim kuwa na shirme ne, kowa ya sani: ɗan mai sayar da kifi ne ya shiga gasar rawar makaranta da takalmin roba don wata yarinya mai gashi kamar an kifa mata kwando. Ana tsakiyar rigima sai kiɗa ya tashi, har mai shara ya jefar da tsintsiya ya shiga layi. Amma a zamaninsu, wanda bai iya rawar nan ba ai bai isa ya yi wa yarinya magana ba.

Ya roƙi Tamae su je tare, ta yarda da ƙyar.

Kafin a kashe fitila, budurwar da ke kula da silimar ta ce yau an yarje wa kowa ya yi ihu, ya yi tafi, ya taka rawa. To, faɗa ce mai sauƙi! Ɗakin cike yake da masu furfura, mutanen da tun haihuwarsu ko tari ba su taɓa yi a silima ba. Kiɗa ya tashi, yaro na tsalle a kan akwatin kifi, su kuwa sun jera hannu a cinya kamar masu zaman makoki, kowa na jiran wani ya fara.

Tamae ta dubi agogonta. "Ka gani? Duk irinka ne," ta ce a hankali.

Maganar ta soke shi. Da aka zo rawar ƙarshe, Shigeo ya miƙe. Ya juya ya rusuna wa na bayansa. "A gafarce ni, zan ɗan tare muku gani." Ya rusuna wa na dama, ya rusuna wa na hagu. Sannan ya tuɓe takalmansa, ya jera su tsaf, don mai hankali ba ya taka kujerar mutane da takalmi, ya dafa ya hau.

"Kai, sauko!" in ji Tamae, tana jan wandonsa. "Hauka kake? Ga matar mai kemis can tana kallo!"

Ina! Ya riga ya ware hannuwa yana wurga ƙafa. Ƙugunsa ya ce ƙas, bai fasa ba.

"Dattijo, da hagu ake farawa!" wani mai sanƙo ya yi ihu daga baya.

"In ka iya, taso mana!" in ji Shigeo.

Mai sanƙo ya taso kuwa, shi ma sai da ya rusuna wa na bayansa. Can sai ka ji ƙwas-ƙwas ko'ina, ana tuɓe takalma ana ba juna haƙuri ana hawa kujeru. Tamae ta rufe baki da hannu, dariya ta ci ƙarfinta har da hawaye. Rabonta da irin wannan dariyar ta manta. "Matsa, kana ɓata rawar!" ta ce, ta cire nata ta haye kusa da shi. Ita ce ta iya, ba ta manta ko taku ɗaya ba.

Da sunayen 'yan wasa suka fara hawa, kowa ya sauko ya zauna tsit yana haki, har sai da sunan ƙarshe ya wuce aka kunna fitila.

A waje Tamae ta nufi tagar tikiti, Shigeo na biye yana ɗingishi. Ta tambaya ko za a sake nunawa. Aka ce Lahadi mai zuwa.

"Ba ni biyu," ta ce.

Shigeo ya matso kusa da ita. "To, Litinin ɗin fa?"

"Da wannan ƙugun naka? Wa zai shafa maka magani? Kar ka ɗauka na huce, tukuna dai. Kama hannuna mu tafi, tsoho kawai."