Takardu Biyu na Kawu

Sati uku Malama tana fama da allo, 'yan ajin ƙarshe kuwa sai ido. Lissafi biyu ne, ɗaya na gano saurin canji, ɗaya na tara jimla. Kowanne sun haddace shi tsaf, amma da ta ce ɗaya ne ke warware ɗaya, sai kai ya kulle. Shugaban sashe bai ɓoye mata ba: ran Litinin zai zauna a bayan aji, in abin bai shiga ba, zai ba wani malami ajin. Maganar ta tsaya mata a rai, don tana son yaran nan ba kaɗan ba.

Ran Asabar ta kai wa kawunta magani a tashar ruwan da yake aiki. Ta same shi a ɗakin injina, tabarau a kan hanci, ya shimfiɗa takardun giraf biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya danne su da sifana.

"Kawu, me ya hana ka jera su gefe da gefe? Haka muke yi a allo."

"Ke da karatunki! In na raba su, ta ina ƙarfe tara za ta ga ƙarfe tara?" Ya ɗora rula a tsaye ta ratsa duka biyun. "Ta ƙasa, ruwan da ke shiga tanki kowace awa, kafin a buɗe wa gari. Ta sama, abin da ya taru. Duba, nan famfo ya yi ƙarfi, layin sama ya kama hawa. Nan famfo ya mutu, layin sama ya kwanta. Ba ni ɗaya in zana miki ɗayar."

Ta kife ta sama. Tsohon nan ya bi ƙananan gidajen takardar giraf da ke ƙarƙashin layin ta ƙasa yana ƙirgawa da bakin fensir, yana ɗiga alama a sabuwar takarda. Da ta buɗe, layinsa ya hau na asali daram. Mutumin da ko sunan lissafin bai taɓa ji ba! Ya burge ta ƙwarai.

Ran Litinin ta zana giraf biyu a allo, ɗaya bisa ɗaya, ta riƙa jan doguwar rula a hankali daga hagu zuwa dama. Ba ta kai tsakiya ba wata yarinya ta zabura.

"Malama, ashe tsayin na ƙasa shi ne gangaren na sama!"

"In an juya fa?" in ji Malama.

"A ƙirga gidaje!" Rabin aji ne suka amsa.

Shugaban sashe ya ajiye bironsa, ya taso har gaban allo, ya miƙo hannu.

"Malama, goge na saman in gwada da kaina," in ji shi. "Ran Laraba kuma, don Allah, ki shiga nawa ajin."